Ƙofar Motar Kambai

"A hankali! A hankali na ce, ba buhun doya kuke saukewa ba!"

Ndagi ne ke ihu, tsumma a kafaɗa, yayin da 'yan kabu-kabu huɗu da ya kirawo daga bakin titi suke zare bulo na ƙarshe daga ƙarƙashin motar. Aka kwance jak. Tsohuwar Fijo 404 ta zauna a kan tayoyinta karo na farko cikin shekara takwas, ta yi wani nishi irin na tsohuwa in ta samu tabarma.

"To, ku ja da baya ku ga aikin manya," in ji Ndagi. "Da yatsa ɗaya zan rufe ta. Wanda ya ga na sa biyu ya tofa mini yawu."

Ya ɗora ɗan alinsa a kan ƙofar direba, ya tura. Ƙofar ta tafi sumul har bakin shiga, sai ƙwas! ta dawo masa. Ya sake turawa, wannan karon da tafin hannu. Ƙwas! Ɓawon jan fenti ya faɗo daga saman ginshiƙin tsakiya.

Ɗaya daga cikin 'yan kabu-kabun ya gyara murya. "Baba, mu tofa yanzu, ko mu ɗan jira?"

Suka kwashe da dariya, suka bi ɗan lungun fita ɗaya bayan ɗaya. Kafin dariyar ta lafa, wata murya mai nauyi ta fito daga tagar ɗakin da ke kusa da bishiyar mangwaro.

"Injiniya! Ba ta shiga ba."

Wanda bai san Ndagi ba, baƙo ne a Sabon Garin Minna. Banufe ne ɗan Bida, ya zo garin nan tun jirgin ƙasa na cin gawayi. Ƙafarsa ba ta taɓa taka aji ba, ko sunansa bai iya rubutawa ba, amma a miƙe jikin mota da daidaita ƙofa, ka bi daga Kpakungu har Maikunkele, ba ka samun na biyunsa. Masu takarda su zo da abin awo mai lambobi suna ta muzurai, shi tsinken ashana biyu kawai yake haɗawa, ya zura su tsakanin ƙofa da jikin mota, ya ja daga sama har ƙasa. In sun wuce ba su maƙale ba, ba su kuma yi lilo ba, aiki ya yi. Duk waɗanda suka koyi sana'a tare da shi ya raka su makwanci. Tukunyar kabaid ta walda ta fashe da shi, mota ta zame daga jak ta danne masa ƙirji, amai da gudawa ya kwashi rabin layinsu, ga shi nan daram yana cin tuwonsa. Tsohuwar zuma, in ji shi, da ita ake magani.

Mai muryar kuwa Kambai ne, maƙwabcinsa, mutumin wani ƙauye bayan Zonkwa. Shekara talatin ƙofar ɗakinsu na kallon juna a gidan haya ɗaya. Direban tasha ne, da wannan Fijo ya yi shekara ashirin da huɗu yana jigila tsakanin Minna da Kaduna. A dubu biyu da ɗaya wata babbar mota ta goge ta ta gefen direba wajen Lambata, aka jawo ta gida, aka ɗora a kan bulo a tsakar gida kafin a samu sararin gyara. Sarari bai samu ba. Kambai ya je jana'iza ƙauye, ya yi sati uku, ya dawo ya tarar mai gida ya gina shago a bakin ƙofar gidan, ya bar ɗan lungun da mai ɗauke da bokiti biyu sai ya karkace yake wucewa. Shi ke nan, mota ta zama 'yar gida. Kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, ɓeraye suka yi gari a cikin injin.

Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikin Kambai na hagu ya shanye. Tun ranar bai sake tsallake dokin ƙofar ɗakinsa ba. Daga inda yake kwance ba ya ganin motar, ganyen mangwaro kawai yake gani da wani ɗan yanki na sama. Amma kunnensa garau. Da damina ta wuce ya ce wa Ndagi abu ɗaya yake so: ya sake jin ƙofar direba ta rufu yadda take rufuwa a da. Wata biyar Ndagi na bugun ƙarfe, ya miƙe gefen da ya loɓa, ya toshe ramukan tsatsa, ya shafa jan fenti. Sai ga waya daga Luka, ɗan Kambai da ke aiki a Kaduna: ranar Asabar zai zo da bas ya kai mahaifinsa ƙauye, tun da likita ya ce sai dai addu'a. Yau kuwa Alhamis.

Ndagi ya goge hannu, ya ɗaga labule ya shiga. Ɗakin na warin man zafi da ɗumin kwano. Kambai na jingine da filo biyu, bakinsa ya karkace gefe.

"Sama take bugawa," in ji shi. Maganar na fita a ja, amma Ndagi ya saba da ita.

"Kunnenka ya tsufa, Direba. Iska ce."

"Iska ce ta yi ƙwas har sau biyu?"

"Ni fa ban zo nan a yi mini shari'a ba. Ruwa na zo sha."

"A kan bulo ka saita ta."

Ndagi ya san gaskiya ce. Shi da bakinsa ya koya wa mutum ya fi arba'in cewa ba a saita ƙofa mota na rataye. Mota a kan bulo kwance take, a kan taya tsaye take, kuma ƙashin bayan na kwance da na tsaye ba ɗaya ba ne, balle tsohuwa wadda tsatsa ta ci mata ƙasa. Amma Gimba mai faci ya yi ta jan ƙafa wajen kawo tsofaffin tayoyin da ya yi alkawari, Asabar na matsowa, sai Ndagi ya ce wa ransa idon da ya yi shekara hamsin yana aiki zai ƙiyasta abin da za ta sauka. Ga shi sauri ya haifi nawa.

"Gobe zan sake," ya ce a taƙaice. "Tun daga baya. Yanzu tana ƙasa."

"Ko ka sake ba za ta yi kukan da na sani ba."

"Don me?"

"Shekara ashirin da huɗu ina zaune gefe ɗaya. Ta kwanta ta wajena. Ba kowa a ciki, wata mota ce daban."

Wannan ma gaskiya ce, Ndagi ya sani. Maigidansa Ndaman da ya koya masa sana'a, Allah ya jiƙansa, ba ya taɓa ƙofar tsohuwar motar haya sai ya ɗora nauyi a mazaunin direba.

"Na sani tun ba a haife ka ba," in ji Ndagi. "Zan sa buhun yashi."

Kambai ya daɗe yana kallonsa da ido ɗayan da ke buɗewa sosai.

"Ina raye za ka sa buhu a kujerata?"

"Kai da ko juyi sai Maman Luka ta juya ka?"

"To a juya ni zuwa ciki."

Marta, matar Kambai, tana bakin murhu tana jin su. Da Ndagi ya fito ta tare shi da muciya a hannu. Mace ce gajeruwa, shekara biyun nan sun rage mata jiki sun ƙara mata furfura. Ita ma rabonta da coci tun bikin Kirsimeti na bara waccan, don ba wanda za ta bar wa ɗaki.

"Baba Ndagi, ka ji tsoron Allah," ta ce ƙasa-ƙasa. "Likita ya ce kada a jijjiga shi. Ga zafin Maris, ƙarfen nan ko ƙwai ka fasa a kai zai soyu. Mota ce da ba za ta fita ba. Mutum ne da ba zai tuƙa ba. Me kuke nema?"

"Ba ni ke nema ba, Maman Luka."

"Kai ne kake biye masa. Wata biyar ƙwanƙwan, ƙwanƙwan, kaina kamar zai tsage."

Ndagi ya dubi motar. Akwai wani yanki na labarin tukunyar kabaid da ba ya faɗa a majalisa. A majalisa cewa yake wuta ta gan shi ta ji kunya. Amma ranar fuskarsa ta ƙone, idonsa a rufe, mutane sun yi cirko-cirko suna salati, ba wanda ya yarda ya ɗauke shi. Kambai ne ya sauke fasinjojinsa a tsakiyar hanya, ya sungume shi ya kwantar a baya. Ndagi bai ga komai ba, ya dai ji ƙofar direba ta ce tif, a hankali, ba gaggawa, kamar mai tafiya kasuwa. A wannan ƙarar ya san ba zai mutu ba.

"Ranar kabaid," ya fara, sai ya tsaya.

"Ni na wanke kujerar bayan, ka manta?" in ji Marta. Ta juya ta tura itace cikin wuta, ta daɗe tana hurawa ko da yake wutar na ci. "Sai rana ta yi sanyi. Bayan la'asar ɗinku. In ya ce wash sau ɗaya, a dawo mini da shi."

Ranar Juma'a tun da ya dawo daga sallar asuba Ndagi ya kwance duk abin da ya ɗaure. Daga baya ake farawa, domin jikin baya shi ne ba ya motsi, kowa shi yake bi. Ya daidaita ƙofar baya da shi, ya zura tsinkensa biyu, suka wuce lafiya. Ya zagaya ɗaya gefen, ya yi ƙofofin can biyu. Ya sassauta madigadin gaba ya bar shi a sake, ya jira. Ya yanka gwangwanin madara ƙanana-ƙanana, ya huda kowanne, ya jera a kan bonet don cikon bayan hinjin da ke riƙe ƙofa. Mangwaro ya faɗo ya daki rufin motar, ya ɗauka ya shanye, ya ce ladan aiki ne. Ƙofar direba kaɗai bai taɓa ba. Ya je masallaci ya dawo, ya biyo da Gimba mai faci da 'yan kabu-kabu uku.

Marta ta riga ta shirya mijinta. Ta sa masa farar rigarsa mai aljihu biyu da tsohuwar hular tasha, ta shafa masa mai a fuska. Aka zaunar da shi a kujerar roba. Mutum huɗu suka kama, suka ja numfashi, suka yunƙura da ƙarfin ɗaukar Kambai na da, wanda in ya zauna a benci ɗaya gefen ke ɗagawa. Kujerar ta yi sama fiye da yadda suka nufa, har hularsa ta goga a saman ƙofa.

Da suka fito tsakar gida Kambai ya runtse ido, haske ya yi masa yawa. Ya buɗe a hankali. Ya ga motar.

"Wa ya ce ka yi mata ja? Fara ce."

"Na ƙasa ne, jahili. Farin na zuwa."

"Ji wanda ke kiran wani jahili."

Aka karkata shi, aka shigar da ƙafar da ba ta motsi, aka jingina shi, Marta ta cusa filo ta gefen hagu. Ndagi ya tsuguna yana kallon tazarar da ke tsakanin taya da madigadi. Motar ta sauka, amma da ƙyar. Kaurin tsinken ashana ɗaya.

"Ta ji ni?" in ji Kambai.

"Ta ji ka mana! Har yanzu nauyinka na nan kamar buhun siminti. Ka kusa fasa wa Gimba tayoyi."

Kambai ya ɗora hannun dama a kan sitiyari. Ta gilashin gaba ba abin da ake gani sai bayan shagon mai gida, bulo tsirara ba filasta, taku uku daga hancin motar. Ya ƙura masa ido kamar titi ne.

Ndagi ya sassauta notocin hinji, Gimba ya tallafi ƙofar da gwiwa. A ɗaga kaɗan. Ya yi yawa, a sauke. Ya zura gwangwani ɗaya a bayan hinjin ƙasa, ya ɗaure, ya kai ƙofar bakin shiga bai rufe ba, ya ja tsinkensa. Suka wuce sama, suka wuce tsakiya, suka maƙale a ƙasa. Ya kwance. Zufa na ɗiga daga gemunsa. Sifana ta suɓuce masa ta faɗa ƙarƙashin mota.

"Ina muke yanzu, Direba?" ya tambaya, don kada a lura.

"Mun wuce Paiko."

"Tun ɗazu? Tafiyar hawainiya kake yi."

"Da Banufe a mota ai dole a bi a hankali, kada ya yi amai."

Marta na tsaye ta ɗaya tagar tana yi masa fifita da murfin kwali. Numfashinsa ya fara yin sama-sama, kowa na ji. Ta dubi Ndagi. Ndagi bai ɗago ba. Ya ƙara rabin gwangwani a hinjin sama, ya matsar da ɗan ƙarfen da ƙofa ke kamawa a jikin ginshiƙi, ya ɗan buga shi da gindin guduma, sau ɗaya, sau biyu.

"Baban Luka, ya isa haka," in ji Marta. "Mu koma ciki."

"Ban ce wash ba."

"Lambata?" in ji Ndagi.

"Na wuce ta. Ban ko kalle ta ba."

Ndagi ya ɗaure na ƙarshe. Ya ja tsinken biyu daga sama, suka gangara har ƙasa ba su tsaya ba, ba su yi lilo ba. Ya matso da madigadin gaba ya bi layin ƙofar, ya ɗaure shi. Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Wannan karon bai ce kowa ya ja da baya ba, bai yi maganar yawu ba. Ya yi bisimilla a ransa, ya ɗora ɗan ali, ya tura.

Tif.

Ƙara ce ƙarama, mai kauri, kamar an rufe tukunyar ƙasa da murfinta. Kambai ya rufe ido. Gefen bakinsa mai rai ya ɗaga.

"Sake."

Ndagi ya buɗe, ya tura. Tif.

"Sake."

Tif.

"Ita ce," in ji Kambai. Ya juyo da kai da ƙyar wajen matarsa. "Madam, shigo mana. Saura mutum ɗaya mu tashi."

Marta ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ta goge fuska da bakin zane, ta buɗe ƙofar gaba ta shiga ta zauna, ta ɗora hannu a kan gwiwarsa. 'Yan kabu-kabu suka sulale. Gimba ya zauna a kan bulo, Ndagi ya tattara kayan aikinsa ɗaya-ɗaya, yana goge kowanne fiye da yadda yake bukata. Daga cikin motar ana jin muryar Kambai sama-sama, yana lissafa garuruwan hanya. Dikko. Tafa. A Jere ya ce za su bar hanyar Kaduna su yi dama, hanyar gida. Suna nan zaune suna kallon bango har aka kira magariba, sannan aka mayar da shi ɗaki.

Da safiyar Asabar Marta ta dama masa kunu, ta shiga da shi, ta fito da kofin a cike. Ta tsaya a bakin ƙofar Ndagi.

"Baba Ndagi, abokinka ya tafi."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Ndagi. Ya nemi takalminsa, yana sanye da shi.

Da hantsi Luka ya iso da bas, ya tarar da mata 'yan cocinsu sun cika tsakar gida suna waƙa ƙasa-ƙasa. Bas ba ta shiga, akwati ma ba zai juya a kwanar lungun ba. Sai a tabarma aka naɗe shi, Luka ta ƙafa, Ndagi ta kai, suka bi lungun a karkace, kafaɗunsu na gogar bango ta kowane gefe.

A bakin titi, bayan Marta ta shiga, Luka ya riƙe hannun Ndagi da hannu biyu.

"Baba, mun gode. Mama ta faɗa mini na jiya." Ya dubi ƙasa. "Maganar motar nan. Mai gida ya ce yana son filin. Ba yadda za ta fita sai an yanka ta. Kuma ba wanda ya san gaɓoɓinta kamarka."

"Na ji," in ji Ndagi. "Ku sauka lafiya. Allah ya ba ku haƙuri."

Ya koma ta lungun shi kaɗai. Tsakar gida ta yi fayau, labulen ɗakin Kambai a ɗage, katifa a jingine da bango. Wani ya bar ƙofar direba a buɗe, wata kaza na leƙen ciki. Ya kore ta. Ya ɗora ɗan ali, ya tura.

Ƙofar ta je bakin shiga, ta ɗan goga, ta tsaya. Ba ta kama ba.

Ya ciro ashana daga aljihu, ya gwada. A sama biyu sun matse, a ƙasa har uku na shiga. Tsinke ɗaya ne bambancin. Sifana na nan a aljihunsa, aikin minti biyar ne. Ya taɓa ta, ya bar ta.

Shekara hamsin yana gyaran mota, bai taɓa koyon tuƙi ba, bai taɓa zama a wannan gefen ba. Ya tattare rigarsa ya shiga. Filon na nan inda Marta ta cusa shi. Ya ji motar ta ɗan sauka a ƙarƙashinsa. Ya miƙa hannu ya jawo ƙofar da yatsa biyu.

Tif.

Ya ɗora hannu a kan sitiyari. Wani ƙadangare ya hau bangon shagon, ya tsaya a tsakiyar gilashi yana gyaɗa kai. Can sai mangwaro ya faɗo a kan rufin, ya gangara ta baya, ya faɗi ƙasa. Ndagi bai fita ya ɗauka ba.